Gure a Wikipedia: shawara ɗaukar ɗaki ce, amma mai ɗaki ya san inda yake yoyo



Duk inda ka leƙa a Facebook da WhatsApp kwanan nan, kira ɗaya ake yi mana: ku rubuta garuruwanku, ku sa tarihinku a intanet, kada a bar ku a baya. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ni dai a ganina kiran ya ƙara nauyi a kanmu. Kuma kiran ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da tarin shawarwari daga masu horarwa, da bidiyoyin YouTube, da takardun koyarwa da aka fassaro daga Turanci ko Faransanci: ka kawo madogara, ka fara da fassara, ka haɗa kowace kalma da shafinta, ka saki ilimi kyauta.

Ina goyon bayan aikin ɗari bisa ɗari. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne inda waɗannan shawarwarin suke ƙarewa. Kowace shawara tana da gari inda aka haife ta, kuma ba kowace ce ke jure tafiya har Gure ba.

Bari mu fara da irin ginin da ake cewa mu yi. Wikipedia ba littafi ba ne da za ka karanta daga bango zuwa bango. Shafuka ne ɗaure da juna. Kana karanta Gure, ka ga kalmar Muniyo da shuɗi, ka taɓa, ta kai ka wani shafi. Daga can ka faɗa Borno, daga Borno ka faɗa cinikin kanwa. Waɗannan mahaɗai su ne ainihin ginin. Wanda ya ɗaura mahaɗi ya zaɓa wa mai karatu hanyar da zai bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Tarihin irin wannan gini ma kansa cike yake da shawarar masana da ta gaza. Ted Nelson, Ba'amurken da ya raɗa wa rubutu mai mahaɗai suna a shekarun 1960, ya dage cewa mahaɗi nagari dole ya san gaba ya san baya, kuma kada ya taɓa tsinkewa. Ya shafe shekaru da dama yana gina tsarinsa mai suna Xanadu, bai taɓa yaɗuwa ba. Tim Berners-Lee, wanda ya gabatar da shirin yanar gizo a cibiyar CERN ta Geneva a 1989, ya yarda mahaɗi ya tafi gaba kawai, in ya tsinke ya tsinke. A 1991 taron ƙwararru kan wannan fanni a San Antonio bai karɓi takardarsa ba, sai dai aka ba shi wurin nuna abin da ya ƙera. Yau a kan tsarinsa kake karanta wannan rubutu. Haka Wikipedia: kafin ita akwai Nupedia, wadda ke bin matakai bakwai na tantancewar masana kafin a saki maƙala. Maƙalolin da ta kammala ba su kai 30 ba. Da aka buɗe Wikipedia a Janairun 2001, kowa ya shigo ya rubuta, cikin shekara guda aka tara dubbai.

Masanan nan ba wawaye ba ne. Shawararsu daidai take a ɗakin da suka sani. To mu dawo namu ɗakin.

Shawara ta farko da ake ba kowane sabon edita ita ce: kada ka rubuta abin da ba shi da madogara a rubuce, littafi ko jarida ko binciken jami'a. Wannan doka ta girma ne a Wikipedia ta Turanci, a ƙasashen da ƙaramin gari ma yake da jaridarsa da ma'ajiyar takardu. Ko a can tana yin ɓarna. A watan Mayun 2018 aka ƙi karɓar shafin Donna Strickland, malamar kimiyya ƴar Kanada, wai ba a yi rubutu a kanta yadda ya isa ba. A watan Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel. In doka ta kasa ganin mace irin wannan, yaya za ta ga sarkin kanwa ko ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa?

Ka zauna ka lissafa abin da aka rubuta kan Gure da ƙasar Muniyo. Akwai Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, wanda ya ratsa ƙasar a Disamban 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya yi bayanin Gure da Muniyoma Koso. Akwai takardun tawagar Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909. Akwai littafin André Salifou na 1971 kan Damagaram, da binciken Zakari Maïkorema kan ƙasar Mangari da aka buga a 1985, da littafin Paul Lovejoy na 1986 kan gishiri da kanwa. Sai rahotannin ayyukan tsare rairayi da na ceton kwarurruka. Aiki ne mai daraja, amma kusan duk da Faransanci ko Turanci ko Jamusanci yake, kuma ɗalibin lise a Gure ba zai same shi a kan teburin kasuwa ba.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Tarihin da ke cikin takardun Tilho, tafintan tawagar ne, Landeroin, ya tattara shi, kuma daga bakin sarakuna da dattawa ya ji. Wato maganar baka ce. Da Bature ya rubuta ta aka buga a Faransa a 1911, sai ta zama madogara ingantacciya. Jikan dattijon da ya ba shi labarin, in ya faɗi wannan maganar yau, sai a ce ba ta da hujja. Kun ga iyakar shawarar ke nan: ba ta auna gaskiyar magana, tana auna wanda ya samu damar kai ta gidan buga littafi.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya ce to a watsar da dokar. Wallahi tana da amfani, kuma mu ne za mu fi kowa kuka in babu ita. Duk wanda ya san yadda ake jayayyar sarautar kanto ko ta gari a ƙasarmu ya san cewa kowane gida yana da nasa jerin sarakuna. In aka ce kowa ya rubuta abin da kakansa ya gaya masa, shafin Muniyo zai zama fagen dambe, wanda ya fi mega da lokaci shi zai yi nasara. Dokar madogara ita ke hana wannan. Matsalarta ɗaya, ta ɗauka takarda kaɗai ce shaida.

Mu kuwa muna da wata hanyar tantance magana da muka gada. Ɗan makarantar allo da ya kai ga karatun hadisi ya san isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, kuma kowane mutum a cikin jerin ana bincikar amanarsa. Wannan ma ai mahaɗai ne, sai dai na mutane. Kuma a Yamai muke da CELHTO, cibiyar da aka kafa tun 1968 domin tattara tarihin baka, wadda yanzu take ƙarƙashin Tarayyar Afirka, ga kuma IRSH mai buga jerin Études nigériennes. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada kafa hujja da hirar baka da aka naɗa a Wikipedia ta harsunan Hindi da Malayalam da Sepedi. Gwajin bai sauya dokar Wikipedia ta Turanci ba, amma ya nuna abin yana yiwuwa. Abin da masu horarwa ba su cika faɗa ba shi ne, kowane harshe a Wikipedia editocinsa ne ke tsara yawancin ƙa'idojinsu. Ba a saukar da dokokin Turanci daga sama ba. Editocin Hausa suna iya zama su yanke yadda za a karɓi hirar da aka naɗa, da sunan mai magana da garinsa da ranar da aka yi ta. Sai dai ba za a yanke da mu ba in ba mu shiga zauren ba.

Shawara ta biyu: ka haɗa komai, kuma kowane abu sunansa ɗaya, shafinsa ɗaya. A baki abu ne mai sauƙi. To wane suna? Gure ko Gouré? Muniyo, Mounio ko Munio? Zinder ko Damagaram? Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 tana rubuta ƴ, a Najeriya an fi rubuta 'y. Wayoyi da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ sai ka sauke allon rubutu na musamman, shi ya sa wani zai buɗe shafi da ƙugiya, wani ya buɗe irinsa ba ƙugiya, kowa yana zaton shi ne na farko. Wannan ɓangaren fasaha tana iya maganinsa, domin ana iya sa suna ya tura mai karatu zuwa wani. A nan shawarar masu horarwa tana aiki sarai, mu karɓa mu gode.

Inda ba ta aiki shi ne inda mahaɗi ya zama da'awa. Gure gari ne da ake jin Hausa a kasuwa da tasha, amma tushensa na Manga ne, Barebari, kuma Muniyo ta daɗe tana bin Borno kafin Damagaram ta rinjaye ta a ƙarni na 19. Ga Fulani, ga Tubawa, ga Buzaye. In edita ya sa Gure a rukunin garuruwan Hausawa don kawai da Hausa yake rubutu, ya share mutane da taɓawa ɗaya. In layin farko na shafin ya kai ka Damagaram bai kai ka Borno ba, ya riga ya ba da labari ta bakin ɓangare guda. Kwari da yawa, da rijiyoyi da tuddai, suna da sunan Barbarci da na Fulatanci da wanda Bature ya rubuta a taswira. Wanne zai hau saman shafi? Babu takardar koyarwa daga waje da za ta amsa wannan. Mu da muke murna Hausa ta samu matsayi, mu ne ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan, kada mu yi wa Barbarci abin da muke kuka Faransanci ya yi mana.

Shawara ta uku ita ce wadda ta fi yaɗuwa: ka fara da fassara, ya fi sauri. Gaskiya ne ya fi sauri, musamman lokacin gasa da ake ƙirga yawan maƙaloli. Amma ku tuna abin da ya faru da Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Sikotilan. A watan Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen, shi ya rubuta maƙaloli sama da 20,000, yana ɗaukar Turanci yana sauya kalmomi. Da kyakkyawar niyya ya yi, shekara da shekaru, ba wanda ya tsayar da shi domin masu harshen ba sa leƙawa. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da irin wannan: jimla ce da kalmomin Hausa, amma ka karanta sau uku ba ka san inda ta dosa ba. Kuma abin ba ya tsayawa nan. Injinan fassara da manhajojin nan masu amsa tambaya daga irin waɗannan shafuka suke koyon harshe. Gurɓatacciyar Hausa ta shiga, gurɓatacciya ta fito, wani ya kwafa ya mayar. Ƙannenmu za su tashi suna zaton haka ake rubuta Hausa.

Ga kuma wani abu da fassara ba za ta taɓa yi ba. Abin da ba a rubuta da Turanci ko Faransanci ba, ba za ka fassaro shi ba. Za ka samu shafin kowane ɗan ƙwallon Turai da Hausa, ka nemi yadda ake kwasar kanwa a kwari, ko yadda ake barbarar dabino, ko yadda ake tsagar ƙaro, ka tarar fayau. Fassara tana kawo mana duniya, kuma muna so. Amma mu kai Gure ga duniya, wannan sai da ƙafa da tambaya.

Shawara ta huɗu ita ce na fi jin tsoro, domin ta fi daɗin ji: ilimi na kowa ne, a sake shi kyauta. Lasisin Wikipedia ya ba kowa damar ɗaukar abin da ka rubuta, ya sake bugawa, har ya sayar, muddin ya ambaci inda ya samo kuma ya bar wa wasu irin wannan dama. Ko ka goge jimla daga baya, tana nan a tarihin shafin, kuma wataƙila wasu shafuka sun riga sun kwafe. Ga bayanin taurari ko ciwon suga, wannan alheri ne. To amma asalin gidaje fa? A ƙasarmu har yau ana fasa aure saboda an ce kakan wane bawa ne. Iyakar gona a kwari fa, wadda gida biyu suke shari'a a kanta? Burtali da rijiyoyin makiyaya fa, a lokacin da tsaro yake yadda yake a gabashin ƙasa? Sirrin maganin da tsohuwa ta gada, wanda shi ne abincinta? Mai ba da shawara yana zaune Legas ko Paris. In magana ta tashi, ba ƙofar gidansa za a buga ba. Ƙofar yaron da ya rubuta za a buga, da ta dattijon da ya amince ya yi masa bayani.

Akwai kuma abin da ba na jin ana faɗa a wurin horarwa ko kaɗan: wa zai kula da shafin bayan an watse? Ana koya maka buɗe shafi cikin yini biyu, a ɗauki hoto, a raba takardar shaida. Amma ilimin ƙasa irin tamu motsi yake. Rairayi yana cin kwari, kwarin da ake noman rani a cikinsa bara wataƙila bana tudu ya rufe gefensa. Tesker ƙarƙashin Gure take kafin ta zama departama mai zaman kanta a 2011, kuma duk shafin da ba a gyara ba tun lokacin yana yaudarar mai karatu. Shafi goma da ake kula da su sun fi ɗari da aka yasar. Wanda ke gyara a waya, da forfe na yini, reso yana zuwa yana ɗaukewa, ba zai iya bin tsarin wanda ke da kwamfuta da intanet dare da rana ba. Dole ya zaɓi kaɗan ya riƙe su da kyau.

To yaya za a gane iyakar shawara? Ni ga yadda nake aunawa. In shawarar ta shafi yadda na'ura take aiki, wato yadda ake ɗaura mahaɗi, yadda ake sa hoto, yadda ake tura suna zuwa suna, ina karɓa hannu biyu, domin na'urar ɗaya ce a Gure da Berlin. In ta shafi abin da ya cancanci a rubuta, da wanda za a yarda da maganarsa, da sunan da za a kira wuri, da abin da za a bari a rufe, sai in tambaya: a ina aka gwada ta, kuma in ta ɓaci wa zai biya? In amsar ita ce mu, to hukuncin ma namu ne.

Wani zai ce wannan ai hanyar kauce wa ƙa'ida ce, kowa ya ce garinmu daban ne ya rubuta son ransa. Tsoron nan yana da tushe. Amsata ita ce, wanda ya ce shawarar waje ba ta isa ba, ya ɗora wa kansa aiki mafi nauyi. Ba zai ce kakana ya ce ya wuce ba. Zai nemi izini, ya naɗi muryar, ya rubuta suna da gari da rana da harshen da aka yi hirar. Zai je gida na biyu da na uku ya ji nasu, in sun saɓa ya kawo duka, ya faɗi wanda ya ce me. Zai nemi Barth da Landeroin da Maïkorema ya gwada. Zai kai abin da ya tara ga malaman tarihi a Jami'ar André Salifou ta Zinder, ko IRSH, ko CELHTO, domin a adana a kuma buga, ta yadda gobe zai zama madogarar da ba mai iya gogewa. Sautin da mai shi ya yarda a saki, ana iya ɗora shi a Wikimedia Commons kowa ya saurara. Wanda bai yarda ba, a bar masa kayansa.

Ƴan uwanmu na Kano da Kaduna da Katsina da suka ɗauki nauyin Wikipedia ta Hausa sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma su ne suka fi yawa a fagen. Ba laifinsu ba ne in shafukan Nijar sun zama layi biyu da aka fassaro daga Faransanci. Ba za su san bambancin Kelle da Bune da Gidigir ba sai mun faɗa. Gure tana nesa da Zinder da sama da kilomita 160, balle Kano, balle inda aka rubuta dokokin.

Saboda haka ga roƙona ga kowace fada da ke karanta wannan. A zaman shayi na gaba, ku buɗe shafin garinku da Hausa ku karanta shi da ƙarfi. Ku bi mahaɗansa ɗaya bayan ɗaya ku ga inda suke kai mutum. Ku zaɓi abu guda da kuka sani babu shi, kwari ɗaya ko sana'a ɗaya ko kasuwa ɗaya, ku raba aiki: wani ya nemi abin da aka rubuta, wani ya je wurin dattawa, wanda ya fi iya Hausa ya rubuta, mai jin Barbarci ya duba sunaye. Ku je horarwa in an kira, ku koyi duk abin da za a koya. In aka zo kan maganar garinku kuma, ku ɗaga hannu ku yi magana.

Allah ya sa mu dace, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.